AN GINA BIRNI A GONARMU, TO WA KE KWANA A CIKI?

Ga laccar da wani ɗan'uwanmu ya yi wa manoma da 'yan kasuwa a ƙasar Dawakin Tofa bayan tashin kasuwa. Mun buga ta yadda ta fito daga bakinsa. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Iyayena dattawa, da iyayena mata da ke zaune can gindin darbejiya, da 'yan'uwana manoma, da ku 'yan kasuwa da kuka rufe rumfa kuka zo, ina gaishe ku, sannunku da zuwa. Na san waɗansunku tun asuba suke tsaye, saboda haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Maganar gida na zo da ita, watau inda mutum zai sa haƙarƙarinsa ya kwana shi da iyalinsa, da kuma maganar gonar da ake gina gidan a kanta, gama a ƙasarmu nan ba a raba su.

Kowa a nan ya san Bandirawo. Yana nan a hanyar Katsina, wajen Tumfafi, ba nisa da Dawanau. Gwamnatin Jihar Kano ce ta gina shi a mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, tare da 'yan'uwansa biyu da ke hanyar Zariya, watau Kwankwasiyya da Amana. Niyyar da aka faɗa ita ce a rage cunkoson birni, mutane su fito su sha iska. Aka shimfiɗa tituna, aka kafa turakun lantarki, aka jera gidaje reras. Ni kaina na je na gani, kuma ba zan ɓoye muku ba, ginin ya ba ni sha'awa.

To sai me ya biyo baya? Shekara ta bi shekara, gidaje da yawa suna kulle, ciyawa ta fito a ƙofa, ƙadangaru suka zama masu gida. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje aka sake wa biranen suna, aka sa musu sunayen manyan malamai, amma bakin jama'a bai saki tsohon suna ba. Sa'an nan rigimar kuɗi ta taso, domin an zuba kuɗin 'yan fansho a cikin wannan sha'ani, har Naira biliyan 4.1, magana ta kai kotu, sai a watan Maris na 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa asusun 'yan fansho na Kano gidaje 324 a waɗannan birane. A 2025 kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba waɗanda suka sayi gidajen wa'adi, ya ce ko su tare, ko su sa 'yan haya, in ba haka ba a karɓe.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan wa'adi. A garin da magidanci da matarsa da 'ya'ya shida ke cushe a ɗaki guda na haya, sai da Gwamna ya yi barazana kafin masu gida su yarda su shiga gidansu! Me wannan ya nuna muku? Ya nuna wanda ya sayi gidan ba matsuwa ta sa shi saye ba. Yana da inda yake kwana. Ajiya ya yi, kamar yadda mai kuɗi kan sayi dawa da kaka ya kulle a sito yana jiran bazara.

Ban zo nan don in zagi wani Gwamna in yabi wani ba. Gwamna uku wannan magana ta ratsa hannunsu, ɗaya ya gina, ɗaya ya sake suna, ɗaya ya ba da wa'adi. Ni tambayata gare ku take. A cikin taron nan duka, wanda ke da mabuɗin ɗaki a Bandirawo ya ɗaga hannu in gani. Ina dubawa. Baba, kai da ka yi dariya, hannu ka ɗaga ko hula kake gyarawa? Madalla, hula ce.

Yanzu bari mu yi lissafi, domin 'yan kasuwa ba su son zance ba lissafi. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Kano ta yanke mafi ƙarancin albashin ma'aikacinta Naira 71,000 a wata. A shekara ya kama 852,000. Mu ƙaddara an yi wa gida kuɗi Naira miliyan 10, an ce wannan shi ne mai rahusa. In masinja ko lebura ya ɗauki albashinsa duka ya ajiye, bai ci ba, bai sha ba, bai sayi sabulu ba, sai ya yi kusan shekara 12 kafin ya haɗa. In kuwa kashi ɗaya cikin huɗu ya iya cirewa, wanda ma da ƙyar ne, to shekara 47 ke nan. Wannan fa mai albashi ne, wanda ya san ƙarshen wata zai zo masa da wani abu. Ina ɗan dako? Ina mai faskare? Ina mai tallan goro, ina matar da ke shiƙar riɗi a Dawanau tun safe har magariba?

Za a ce muku ai akwai rancen gida. Gaskiya ne akwai. Tun 1992 aka kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, ana yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci ana zubawa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya shi ke riƙe da shi, yana ba da rance da ruwa kashi 6 cikin 100. Amma ƙofar da aka yi wa wannan asusu ƙofar mai takarda ce. Ana son shaidar abin da kake samu a wata, ana son takardar mallakar fili da za a jingina. Kai da cinikinka ke cikin aljihu, gonarka kuwa shaidarta ita ce dagaci da maƙwabta da kukar da kakanka ya bari a kan iyaka, da wace takarda za ka shiga? Ga kuma maganar ruwa, wanda da yawanmu ko an ba su ba za su karɓa ba.

Saboda haka in kun ji an ce gida mai rahusa, ku tambaya, rahusa ga wa? Abin da ya yi wa Alhaji arha a Kantin Kwari, ni jarin rayuwata ne da na 'ya'yana.

To wannan gefen gida ke nan. Bari in juyo gefen gona, domin nan ne abin ya fi ci mini rai.

In mutumin ofis ya buɗe taswira ya dubi ƙasarmu, sai ya ga fili. Ya ce ga fili nan a banza, a yanka. Mu da muka tashi a nan mun san babu taki ɗaya na banza daga nan har Bici, har Minjibir, har Ɗambatta. Gona na jikin gona, gamba ce kaɗai ko lalle ke raba su. Ba mu san barin gona ta huta ba, kowace damina sai an noma ta, gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya guda. Abin da ya riƙe ta kuwa shi ne taki. Iyayenmu sun yi ta kora jakuna zuwa birni da itace, su komo da mangala cike da shara da toka da kashin awaki, su zube a gona tsibi-tsibi da rani. Wani Bature malamin Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya zagaya ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960 yana awo yana rubutu, har masana na ƙasashen waje suka riƙa kawo mu misali, suna mamakin yadda jama'a mai yawa haka ke cin abinci a ƙasa kaɗan ba ta mutu ba. Ba abin mamaki ba ne. Gumi ne. Ƙasar nan da kuke takawa, hannu ne ya yi ta, kaka da kakanni.

Wata Baturiya kuma, Polly Hill, ta yi nata binciken a Ɗorayi a farkon shekarun 1970, ta rubuta littafi a kan manoman wurin da gandayensu. Manoman Ɗorayi, jama'a! Yaron yau in ka ce masa an taɓa noma dawa a Ɗorayi sai ya ɗauka tatsuniya kake yi masa. Haka Kurna, haka Rijiyar Lemo, haka Bacirawa. Birni yana tafowa ta hanyar Katsina kamar ruwan da ya ɓalle, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A ƙidayar 2006 an sami mutum sama da miliyan 9 a Jihar Kano, kun kuwa san ba raguwa aka yi ba tun daga lokacin. Dole mutane su sami wurin kwana, ban ƙi wannan ba, kuma babu mai iya tare birni da hannu. Abin da nake so mu sani shi ne, in ya iso, da wane sharaɗi zai shigo.

Nan sai mun san doka, domin da ita ake zuwa mana. Tun 1910 Turawa suka sa ƙasar Arewa duka a hannun hukuma. Dokar 1962 ta Jihar Arewa ta bi sawu. A 1978, a mulkin soja na Janar Obasanjo, aka yi Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun Gwamnanta, a kan amana ce yake riƙe wa jama'a. Har yau ita ke aiki, an ma cusa ta cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. A ƙarƙashinta ba ka mallaki ƙasa ba, izinin zama da amfani kake da shi. Ƙasar karkara Ƙaramar Hukuma ke kula da ita, ta birni kuwa Gwamna, amma Gwamna ne ke da ikon cewa daga yau wuri kaza ya zama birni. Kana kwance a ɗakinka, ba ka matsa ko taku ɗaya ba, sai gonarka ta tashi daga ƙauye ta koma birni a kan takarda.

Sashe na 28 ya ba Gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, amma sai da sanarwa a rubuce zuwa ga mai wurin. Ku riƙe wannan. Zuwan mutum da tutoci da abin awo ba sanarwa ba ce. Sashe na 29 ya yi maganar diyya, kuma a nan ƙaya take. Ba a biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ke kanta ake biya, watau gini, da shuka, da itatuwa, da rijiya. To takin shekara ɗari da ke cikin ƙasar fa, a wane layi za a rubuta shi? In aka zo awo da rani, gona ba kome sai kututturen kara, sai a ƙirga maka ɗorawa biyu da tsamiya ɗaya, a ce ka sa hannu.

Akwai kuma sashe na 6, wanda ba a cika karanta muku ba. Ya ce in an karɓe gonar da mutum ke nomawa bisa haƙƙin gargajiya, Ƙaramar Hukuma ta ba shi wata a madadinta ya ci gaba da noma. Magana mai daɗi. Amma ku gaya mini, a Dawakin Tofa ko Ungogo, ina gonar da ba ta da mai ita da za a ba ka? Wanda ya rubuta wannan sashe daji yake tunani. Mu ba mu da daji. A nan in gona ta tafi, ta tafi ke nan.

Na ga wannan a gidanmu. Ƙanen mahaifina yana da gona a bakin hanya, ba zan faɗi wurin ba, ba zan kuma faɗi waɗanda suka zo awon ba. An biya shi, ban ce ba a biya shi ba. Ranar da ya karɓo kuɗin bai taɓa riƙe irinsu ba, har ya kasa barci. Ya aurar da 'ya, ya saya wa ɗansa babur, ya rufa ɗaki da kwano, ya ba 'yan'uwansa mata abin da ya ga dama, wanda har yau ana ƙorafi a kansa. Damina biyu kuɗi suka ƙare. A ta uku na iske shi yana ƙwadago a gonar wani, shi da a da yake ɗaukar 'yan ƙwadago. Daga baya ya sami aikin gadi a wani gida da aka gina a wannan shiyya. Ya ce mini in ya zauna a bakin get da dare yakan gane inda ɗorawarsa take a da, yanzu wurin ajiye mota ne. Bai faɗa da kuka ba, da dariya ya faɗa, ni ne na kasa dariyar. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A waɗansu wurare a Kano an bi wata hanya da ake kira kashe-mu-raba, watau a yanka gonar filaye, hukuma ta ɗauki kasonta, mai gona ya ɗauki nasa a madadin kuɗi. A ganina wannan ta fi, domin fili ba ya narkewa a aljihu. Amma ita ma tana da rami. Manomi ya rasa gona yau, hanya da ruwa ba za su iso filin ba sai bayan shekaru, shi kuwa tuwon dare ba ya jira. Dillali na tsaye a ƙofar gida da kuɗi a leda. Sai ya sayar da takardar da arha, bayan shekara biyar ya ji kuɗin da aka sake sayar da ita, ya riƙe baki.

Kada kuma mu ɗora wa hukuma laifi duka mu wanke kanmu. Awon igiya wa ke yinsa? Mu ne. Mutum ya ji ƙishin-ƙishin za a zo awo, sai ya riga su, ya kira dillali da igiya, a yayyanka gonar ƙanana-ƙanana. Don kwaɗayin fili ɗaya na ƙari sai a matse hanya, har ta zama ko amalanke ba ta wucewa, balle motar kashe gobara, balle a fito da mai naƙuda. Ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar maƙabarta ba, ba a bar wa ruwa hanya ba. Kududdufin da kakanni suka haƙa suka yi gini da ƙasarsa, wanda ke shanye ruwan unguwa, shi ma a cike shi da shara a sayar. Ran da aka yi ruwan Agusta na kwana biyu, sai ruwa ya zo neman gidansa na da, ya tarar da mutane a ciki. Ku kuma 'yan kasuwa, ina da magana da ku, ku yi haƙuri. Waɗansunku in ciniki ya yi kyau sai su sayi gona su kewaye da bulo, ba su gina ba, ba su noma ba, ba su bar wani ya noma ba. Da me kuka bambanta da mai gidan Bandirawo da ya kulle ya tafi?

To me muke nema? Ni ban ce hukuma ta cire hannunta daga maganar gida ba. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 16, ya lissafa samar da matsuguni mai kyau cikin abin da hukuma za ta nufa. Cewa na yi ta dubi yadda talaka ke gina gida tun fil azal, ta tallafa masa ta nan.

Talaka ba ya sayen gida a gama. Fili yake fara samu, ya kewaye da zana ko kara. Ya ɗauki adashi ya tayar da ɗaki ɗaya ya shiga. Kaka ta yi kyau, ya ƙara na biyu. Ya haƙa masai, ya yi zaure, in ɗa ya isa aure a yanka masa gefe. Shekara goma, shekara ashirin, gida yana girma tare da mai shi. Kuma gidanmu ba wurin kwana ba ne kaɗai. Akwai rumbu, akwai turken awaki, akwai akurkin kaji, akwai murhun da uwargida ke suyar ƙuli-ƙuli ta matse mai ta sayar wa maƙwabta. Ka ɗauke ta ka kai ta gidan da aka zana a ofis, falo da ɗaki biyu, ba tsakar gida, ba maƙwabcin da zai sayi ƙosai, to ka ba ta ɗaki ka karɓe mata sana'a. Bayan ambaliyar 2012 an gina wa waɗanda abin ya shafa gidaje a Makoɗa da Kunci da Warawa, kuma wannan ya fi kusa da abin da muke so, tun da talaka aka nufa da shi. Amma ko gidan kyauta ne, ma'auninsa ɗaya, watau nisansa da gona da ruwa da kasuwa.

Abin da talaka ba zai iya yi wa kansa ba, shi ne aikin hukuma. Ba zai iya fitar da hanya ba. Ba zai iya gina babbar kwata da za ta kwashe ruwan unguwa ba. Ba zai iya jawo famfo ba, ba zai iya ba kansa takardar mallaka ba. Kuɗin da ke gina gida guda mai bene a bayan katanga, kwata nawa zai gina a Kurna? A farkon 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000. In siminti ya yi wannan tsada, ai sai a sa shi inda ya fi amfani, watau harsashi da kwata da bakin rijiya. Ginin ƙasa ba abin kunya ba ne, gidan Sarki ma da shi aka kafa shi. Daga ƙasa ruwa ke cin katanga, in ya kwanta a gindinta. A ɗaga harsashi da dutse da siminti, a ɗora tubali, a yi rufi mai kyau da indararo, a ba ruwa hanya, ɗakin zai ga jikoki.

Kada ku ce mafarki nake yi, an yi a wani wuri. A Jakarta, babban birnin Indunusiya, unguwannin talakawa sun cushe kamar namu, ba hanya, ba magudana. A 1969 Gwamnan birnin, Ali Sadikin, ya ga ba shi da kuɗin rushewa ya sake gini, sai ya bar mutane a inda suke, ya shiga lungunansu ya daɓe hanyoyi, ya gina magudanai, ya kai famfo da wuraren wanka da ɗakunan shan magani. Da mutane suka ga hukuma ta gyara ƙofar gidansu, suka tabbata ba korarsu za a yi ba, sai suka shiga gyaran ɗakunansu da kuɗinsu. Mutane miliyoyi suka amfana. Ku gwada wannan da abin da aka yi a Maroko ta Ikko a 1990, inda aka sa katafila ta share unguwa sukutum, dubban ɗaruruwan mutane suka watse, wurin ya koma na masu hali. Dukansu biyu gyaran gari aka kira su. In an ce za a gyara unguwarku, ku tambaya wanne daga ciki ake nufi.

Kano ma ba yau ta fara tsara gari a takarda ba. Tun farkon shekarun 1960 aka sa wani Bature, Trevallion, ya zana yadda birni zai faɗaɗa daga 1963 zuwa 1983. Zane bai taɓa yi mana ƙaranci ba. Wanda za a zana a gonarsa ne ba a kira shi zaman.

Saboda haka ga abin da nake so mu tsaya a kai, mu faɗa wa kansila, mu faɗa wa ciyaman, mu faɗa wa ɗan majalisa ran da ya zo neman ƙuri'a, ko daga wace jam'iyya ya fito. Duk gonar da za a yanka, mai ita ya sami kasonsa na filaye a bakin hanya, ba a can ƙurya ba, da takarda da sunansa, kuma a ba shi abin da zai ci kafin wurin ya yi daraja, don kada yunwa ta sa ya sayar. A kowane sabon yanki a ware ƙananan filaye da za a biya kaɗan-kaɗan, mako-mako, yadda ake zubin adashi, kuma wanda ya karɓa bai zauna ba a ba wani. Dawanau, tun da aka kafa ta a 1985, ta zama kasuwar hatsin da ake zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru. Bayan 'yan dako ne ya ɗauke ta. Ku zo da dare ku ga inda da yawansu ke kwana, a kan buhu, a bakin sito. Ƙungiyoyin kasuwa sun san kowa, sun san mai gaskiya, su ne za su iya tsaya wa mutum a madadin takardar albashi. Shugabannin kasuwa da ke nan, wannan ƙwallon yana gabanku, ba sai kun jira kowa ba.

Fadamu da gonakin da suka fi albarka kuma a shata su a ce nan ba a gini. Birnin da ya cinye gonakinsa duka, daga ina zai sayo alayyahu?

Kafin wannan ya samu, akwai abin da kowa zai yi a gidansa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Gonar gado da ba a raba ba, a raba ta tun ana ga maciji, a fitar wa mata da marayu haƙƙinsu a rubuce, da shaidu. Ku ƙirga itatuwanku, ku sa yaro ya ɗauki hotonsu da waya, ya ɗauki gonar da damina tana kore. In masu awo sun zo, ku karɓe su da mutunci, ku ba su ruwa, sa'an nan ku nemi ganin sanarwa a rubuce, da sunan ofishin da ya aiko su, da aikin da za a yi. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba, kuma mai karantawar ya zama naka, ba nasu ba. Kada a shiga ɗaki da ku ɗaya-ɗaya. Ku tafi tare, masu gonakin duka, a faɗi na kowa a gaban kowa. In diyya ba ta yi muku ba, sashe na 30 na dokar ya ce a kai ƙara gaban kwamitin rabon filaye, sashe na 44 na tsarin mulki kuma ya ce a biya diyya ba da jinkiri ba, ya kuma ba mutum damar zuwa kotu. In kuwa ku ne za ku yanka da kanku, don girman Allah ku bar hanyar da mota biyu za su gifta, ku bar kududdufi a inda kuka same shi.

Na ga rana ta yi ƙasa, masu nisa suna duban hanya. Wanda aka riga aka kafa wa tuta a gona, ko aka ba shi wata takarda bai san abin da ke ciki ba, kada ya tafi. Magatakarda yana nan gindin tsamiya da littafi, da yara biyu masu karatun Turanci, za su karanta wa kowa tasa. Iyayena mata su fara, don su sami komawa gida da wuri.